Tsummokaran Surukuwata

Ku da kuke zama bakin shagona kuna shanye mini shayi, na ji abin da kuka ce jiya da na juya baya. Wai aikina ba aiki ba ne. Wai mutum ya bari sai wasu sun gama gina gida da guminsu, sannan ya shigo da farar riga, ya ɗaga wata 'yar fanka sama kamar mai neman rezon waya, ya sa hannu a takarda ya yi gaba. Ban musa ba, haka ake gani daga bisa benci. Wanzami ma daga nesa shafa kai kawai yake yi. To tunda kunnuwanku ba su da aikin yi, ku ara mini su, in gaya muku yadda waccan takardar da ke rataye bayan kaina ta kusa kuɓuce mini, da wadda ta tsare mini ita.

Sai dai ku fara sanin abin da nake yi, don ko ƙanena da muke ciki ɗaya in an tambaye shi cewa yake ina gyaran bantilate, wato fankar lantarki. Ɗakunan kakanninmu na laka da kara da kansu suke numfashi, ba su taɓa neman shawarar kowa ba. Da 'yan ci-rani suka fara aiko da kuɗi sai aka shiga bulo da siminti da kwanon rufi na tol, ƙofar ƙarfe, tagar ƙarfe, ɗaki ya koma tukunya da murfinta. Da bazara tol ya kwashi rana, mutum ya kwanta ya tashi kamar an turara shi. Da ɗari kuma a shigo da kaskon gawayi a liƙe ko'ina, a wayi gari da ciwon kai a ce makwabciya ce ta yi baki. Shi ya sa ake bar wa iska hanya. Akwai ramuka ƙasa-ƙasa a bangon da ke inuwa don sabuwa ta shigo, akwai wasu can kusa da rufi don tsohuwa ta fita, akwai bututu daga makewayi da madafa, a bisa rufi kuma a aza wani ƙarfe mai juyawa da kansa yana zuƙo zafin ɗaki. Sunansa na Faransanci yana cikin littafi, mu nan albasa muke ce masa, don kamarsa ke nan. Maso mai gini ya huda, mai kuran, ɗan aikin lantarki, ya ɗaura, ni in zo daga ƙarshe in tabbatar iskar tana bin hanyar da aka ce ta bi. In na sa hannu a ba mai gida makullinsa. In na ƙi, a kira maso ya dawo yana ambaton iyayena. Sunana Shaibu, amma daga Madawa har Buza in ba ka ce Mai Ramuka ba babu wanda zai nuna maka gidana.

Da albasar gaskiya na fara, wadda ake ci. Ina saurayi aka kai ni aparanti, koyon aiki, wurin Maigida Arzika, wani tsoho mai gina wa manoma wuraren ajiyar albasa a fadamar Madawa. Aikin farko da na bi shi, wani magazan bulo ne da mai shi ya kashe dukiya ya gina, ya loda albasa, ta ruɓe masa har kare ba ya bin layin. Maigida Arzika ya leƙa ciki. Ya zaro gashin zabo ɗaure da zare daga cikin hularsa, ya miƙa mini, ya ce in tsaya tsakiyar magazan in ɗaga hannu. Na tsaya cikin wannan ɗoyi har kafaɗata ta mutu, gashin nan yana rataye kamar an zana shi. Shi ko yana zagaye yana ƙwanƙwasa bango da sanda. Can ya sa aka huda ƙasa ta gefen inuwa. Gashi bai motsa ba. Ya sa aka hau aka huda sama ta ɗaya gefen, sai na ga gashin ya karkata yana rawa.

Ya ce, "Ka gani, yaro? Iska baƙuwa ta mai kunya. In ba ta ga inda za ta hita ba, ba ta shiga."

Da muka fito ina ta kakarin amai ya ƙara da cewa, "Kai dai gode ma albasa. Ita in an hana ta iska, ruɓewa takai ta shaida ma duk unguwa. Mutum na ka ruɓewa shiru, a ce ajali."

Abin da ya koya mini ke nan, sauran shekarun ɗaukar tsani ne da sayo masa goro. Daga baya wani furoje, aikin tallafi na wata ƙungiya, ya zo yana neman samari masu ɗan ƙaramin lakkwal, wato karatun boko, aka kai mu formasiyo aka horar da mu, aka maye mini gashin zabo da 'yar fankar da kuke yi wa dariya. In ka kanga ta a bakin rami tana juyawa ta rubuta maka yawan iskar da ke wucewa. Aka ba ni fitila, da ɗan madubi a bakin sanda na leƙa cikin bututu, da wani abin hayaƙi da ya ƙare tun a watan farko, na koma sayen turaren tsinke a kasuwa. Gashin zabon yana nan cikin jakata. Batir ɗinsa bai taɓa mutuwa ba.

Akwai wani gida da na karɓa a Buza, na wani ɗan kasuwa da ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu muna gaisawa. Gida ya yi kyau, an manna karo, wato tayil, har a bango, mai gida yana ta matsa mini in sa hannu don washegari za a tare. Na ce bari in gwada bututun makewayi. Na kunna turare na kanga, hayaƙi ya shige tsaf. Na fita waje na ɗaga kai ina jira ya fito bisa rufi, shiru. Sai na ji mai gida daga salo, ɗakin baƙi, yana cewa, "Kai, wanga ƙamshi daga ina?" Ashe maso ya juya gwiwar bututu baibai cikin rufi, bakinsa ya sauka daidai bisa kujerar da aka tanada wa manyan baƙi.

Na ce, "Alhaji, yau turare na. Na gobe ban ɗaukar maka alkawali."

Irin wannan kullum ne. Na ciro gidan zanzaro ya fi a ƙirga, don ita duk bututun da ta gani nata ne. Na ciro gawar tsaka. Na ciro buhun siminti da maso ya cusa don kada kwaɓi ya shiga, ya manta da shi, ya rantse da kabarin ubansa bai taɓa ganinsa ba. Na ga mai gidan da ya ce a sa masa bantilate uku a ɗakin da ba shi da ko hudar allura, yana juya zafi ɗaya kamar mai tuƙa tuwo. Duk waɗannan masu sauƙi ne. Babban abokin gabana a wannan sana'a tsumma ne. Ka auna, ka daidaita, ka sa hannu, ka hau moto, ɗan babur ɗinka. Kafin ka kai kwalta an cusa tsohon zane a kowane rami.

Takardar kuma ba ta har abada ba ce, mutuwa take yi kamar ta moto. In lokacinta ya cika sai ka je birnin Tawa a sabunta maka, in ba haka ba sa hannunka da na ɗan akuya ɗaya ne. Ni takardata ta mutu a shekarar da aka rufe iyaka. Furojoji suka naɗe tabarmarsu, siminti ya hau sama ya ƙi saukowa, wanda ya fara gini ya rufe shi da kara ya koma gona. Wa zai kira mai awon iska a gidan da ba rufi? Na ninke farar riga na sa a akwati, na koma tasha ina ɗinke bakin buhunan albasa, yaran da na yi wa faɗa a shantiye, wurin aikin gini, suna ce mini in yi sauri. Na sayar da babban tsani. Wani a tasha ya taya 'yar fankar wai zai kai wa ɗansa ya yi wasa, na ce ko da yunwa za ta kashe ni sai dai a binne mu tare. Sabunta takarda ko a mafarki ban tuna da shi ba.

Da abubuwa suka fara motsi sai ga babban shantiye a Keita, gidajen ma'aikata jere guda, aikin da zai tsai da mutum da ƙafafunsa. Na ciro farar riga na je. Patoron, mai ba da aikin, ya san ni, ya san aikina, ya dubi takardar ya ce, "Mai Ramuka, wagga ai gawa ta." Ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen ɗari. In ban kawo mai rai ba, ga samari nan sun fito lakkwal da tasu sabuwa fil, suna shawagi a moto. Kuma ba kullum ake zaman sabuntawa ba. Wanda ya faɗi sai ya jira wani zagaye, ni ko gemuna ya riga ya fara fari, kuma na san warin buhun albasa.

Na je Tawa. Aka zaunar da mu a bencin 'yan lakkwal, tsofaffi da madubin ido, gwiwa ta ƙi shiga ƙarƙashin tebur. Aka nuna mana sabon abin awo mai magana da telefon, na yi ta latsa shi har ya koma wani harshe da ko malamin bai sani ba. Da kyar da jiɓin goshi na haye na rubutu. Saura na fili, wanda shi ne mai wuyar. Kowa zai ba da sunayen gidajen da ya taɓa karɓa, su zaɓi ɗaya, kwantrola ya zo ya tsaya, kai da hannunka ka auna a gabansa. In iska na tafiya yadda ka sa hannu ka ce tana tafiya, a buga maka tampo, hatimin hukuma. In ba ta tafiya, Allah ya ba da haƙuri.

Cikin gidajen da na bayar har da wanda na fi alfahari da shi, wani ɗaki biyu da madafa a wani ƙauye bayan Garhanga. Ƙanen matata, Sanusi, shi ya aiko da kuɗi daga Aljeriya aka gina wa mahaifiyarsu. Ni na zana ramukan, ni na tsaya kan maso, ni na aza albasar da hannuna, ban karɓi ko dala ba. Na saka shi ne don dosiye, fayil ɗin takarduna, ya yi kyau. Cikin duk gidajen nan, kwantrolar da aka ba ni, wata matashiyar injiniya mai suna Madam Ramatu, ta aza yatsa a kansa ta ce, "Wanga."

Gidan surukuwata ke nan. Ku yaran yanzu da kuke yi wa surukanku bidiyo kuna dariya ba za ku gane ba. Lokacin da na yi aikin ɗakin kango ne, tsohuwa tana cikin ɗakinta na laka. Tun ranar da ta tare ƙafata ba ta wuce bakin ƙofar gidan ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina auren ɗiyarta, ban taɓa faɗin sunanta ba, kuma yanzu ma ba za ku ji shi a bakina ba. Ban taɓa cin abinci inda za ta gan ni ba. In zan gaishe ta daga waje nake cire takalmi in durƙusa, in gaida bango, bango ya amsa. Wata rana na hango ta a hanyar rijiya na faɗa gonar mutane, ƙarangiya ta yi mini ado har wuya. Ita ma haka take yi, in ta ji motona sai ta ja mayafi ta juya baya. Ba gaba ba ce, girmamawa ce, haka muka tarar. To yanzu ga shi an ce in shiga ɗakin da take kwana in ɗaga hannu bisa gadonta.

Na ce bari in fara zuwa in ga halin da ake ciki. Na aje moto nesa na zagaya ta bayan gida kamar ɓarawon kaji. Abin da na gani ya sa na zauna a kan dutse. Kowane rami ya zaro harshe mai launi. Wannan tsohon zane, wancan hular jariri, na sama kuma safa ce ta soja, ban san inda ta samo ta ba. Albasar da ke bisa rufi an ɗaure ta tamau da igiyar guga an ja an ƙulla a jikin turke, kamar akuya mai ɓarna.

Na dawo Madawa na zaunar da matata Hadiza. Ta ce ai ta sani tun tuni.

"Inna ta ce sanyi na bin ramukkan ga shina shiga mata ƙashi. Kuma kunama."

"To albasar hwa? Ita ma kunama ta?"

"Ta ce abin da ka juyi ba hannu, ita ba ta kwana ƙarƙashinai."

Gidansu tsohon gida ne, irin waɗanda suka daɗe suna gaisawa da dutsen garinsu kafin su kama salla. Yanzu tsohuwa ba ta rabuwa da tasbaha, amma akwai abubuwan da ba ta wasa da su. Na ce wa Hadiza ta je ta roƙe ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ni in ce ma Inna ta kwana cikin sanyi don mijina shi samu tampo? Da wane baki?"

Na aika wa Sanusi murya ta telefon, tunda shi ya gina ɗakin. Ƙanen mata kun san abokin wasa ne, ba ya raga mini. Amsar da ya aiko rabinta dariya ce har yana tari, sannan ya ce, "Mai Ramukka, ashe akwai ramin da ya hi ƙarhinka! Ka shiga mana, ka ce mata kai injiniya na." Na share muryar don kada yara su ji.

Na koma wurin Madam Ramatu na ce ko za a sake gida, hanyar can duwatsu ne, mota za ta wahala. Ta ce motar ba tawa ba ce. Na ce mai ɗakin tsohuwa ce ba ta son baƙi. Ta ce ita tana son tsofaffi. Da na rasa ta cewa na faɗi gaskiya, na ce surukuwata ce. Ta yi dariya har ta aje alƙalami, sannan ta ce, "Malam Shaibu, na ji maka. Amma in na sake maka, gobe kowa shi zaka da tashi surukuwa." Gaskiyarta ce, sai dai a ranar ban so ta ba.

Daga ƙarshe Hadiza ta ji tausayina, ko ta gaji da ganina ina juya tuwo ba na ci. Ta hau mota ta je, ta kwana, ta dawo. Na tare ta tun daga bakin ƙofa.

"Kin hwaɗa mata?"

"Na hwaɗa."

"Mi tac ce?"

"Ta ce hatsi ya yi tsada bana."

"Shi ke nan?"

"Ta ce in gaida yara."

Na san magana ta mutu. Sauran kwanakin na yi su ina lissafin wanda zan kai wa 'yar fankar, ko mutumin nan na tasha yana so har yanzu.

Ranar awo ɗari ya sauko sosai, irin wanda ruwan buta ke cizon hannu. Hadiza ta riga mu tafiya don ta yi wa baƙuwa abinci. Muka taso da safe a motar biro, ta ofishinsu, Madam Ramatu tana gaba tana tambayar direba sunayen tuddai da jerin duwatsun da mutane suka yi don tare ruwa, ni ina baya rungume da jaka kamar wanda za a kai gidan kaso. Da muka hau tudun ƙarshe garin ya bayyana, na rufe ido. Sai na ji direba ya ce, "Ga wani abu can na walƙiya." Na buɗe. Albasa ce bisa rufin surukuwata, tana juyi cikin rana kamar ba a taɓa ɗaure ta ba.

Muka sauka. Na zagaya bango da ido, babu harshe ko ɗaya, ramuka wayam. Hadiza ta fito tana goge hannu, ta gaida baƙuwa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Inna ba ta nan. Ta tahi gaisuwar mutuwa ƙauyen gaba."

Na ce, "Subhanallahi, wa ya rasu?"

"Wani dai. Tun bara."

Ko da ba ta nan, ɗakinta ɗakinta ne. Na cire takalmi a bakin ƙofa na tsaya, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Madam Ramatu ta riga ta shige tana dube-dube, ta leƙo ta ce, "Malam Shaibu, takardar wa za a sabunta, tawa ko taka?" Na yi sallama da ƙarfi ga ɗakin da ba kowa, na jira kamar za a amsa, sannan na shiga da ƙafar dama, kaina a ƙasa.

Ɗakin sanyi ƙalau, babu ko ɗigon warin hayaƙi. An ja gado daga inda ya kamata an kai shi can lungu, nesa da kowane rami. A kansa an tula duk abin da ke gidan mai kama da mayafi, bargo da zannuwa da dardumar salla, har da buhun hatsi da aka farke aka shimfiɗa a sama. Kaskon gawayi yana kife a gefe, an wanke shi. Ƙarƙashin gado kuma na hango wata roba, cikinta tsummokara an wanke an ninke, safar soja tana bisa.

Na ciro 'yar fanka. Na kanga a ramin ƙasa, ta ɗauka. Na hau ɗan tsani na kanga a na sama, ta ɗauka. Na kunna turare a madafa, hayaƙi ya miƙe ya bi bututu, direba daga waje ya yi kira ya ce ya fito. Duk abin da na rubuta shekarun baya, shi iska ta maimaita. Madam Ramatu tana rubutawa. Da na gama sai ta sa yatsa ta shafa bakin wani rami, ta zaro wani ɗan zare ja, ta ɗaga shi a haske. Ta dubi robar da ke ƙarƙashin gado, ta dubi kaskon, ta dube ni. Ni ko na dubi ƙasa.

Ta ce, "Bon. Ni iskar yau anka aiko ni in auna, kuma ta yi." Ta rufe dosiye. "Amma kai ka san abin da kaskon can ka yi in an liƙe ɗaki. Wanga ba aikin tampo ba na."

Na ce na sani.

Tana cin abinci na ja Hadiza bayan rumbu na ce ta gaya mini abin da ya faru. Ta ce tun ranar da ta zo ta yi maganar, tsohuwa ba ta ce komai ba sai zancen hatsi. Amma kafin rana ta faɗi ta jawo turmi ta hau, ta zare tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, ta kira makwabci ya kwance igiya. Ta kuma hana a shigar mata da wuta, wai in ɗaki yana warin hayaƙi baƙuwa za ta gane. Tun daga ranar take kwana a haka, cikin wannan ɗarin, ƙarƙashin abin da ke juyi ba hannu, da tasbaharta.

"Kina gani ina ramewa, kika yi shiru?"

"Ta ce in na hwaɗa maka ba ta yahe mini ba. Ta ce in ka sani dole ka yi godiya, in ka yi godiya dole ta amsa, to ku duka ina za ku sa hwuskarku?"

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji daɗi har idona ya kawo ruwa. Hadiza ta ce mene ne, na ce hayaƙi ne. Ta ce, "Wane hayaƙi? Ba kai ka auna ba yanzu?"

Da muka taso, bayan gari kaɗan, sai ga wata tsohuwa zaune a kan dutse cikin rana, ta lulluɓe har kai, ta juya wa hanya baya. Ƙauyen gaba ke nan da gaisuwar mutuwarsa. Ta zauna nan tun safe tana jira mota ta tashi. Na nutse bayan kujera har gwiwata ta taɓa haɓa. Madam Ramatu ta sa direba ya rage gudu, ta sauke gilashi ta ce, "Sannu da rana, Inna." Tsohuwa ta ɗaga hannu ɗaya ba ta juyo ba.

Aka buga tampo, na samu aikin Keita, na sayi wani tsani. Da kuɗin farko na sayi bargo mai kauri a kasuwar Madawa, na ba Hadiza na ce ta ce Sanusi ne ya aiko. Ta kai ta dawo da saƙo. Tsohuwa ta ce a ce wa Sanusi ta gode, ba ta san Aljeriya ma suna noman albasa ba, bargon duk warinta.

Kada ku ɗauka ta tuba. Da na koma gaisuwa na tarar an maida akuyar rufi turkenta, igiya tamau, hular jariri da tsohon zane kowa ya koma bakin aikinsa. Na durƙusa na gaida bango, bango ya amsa. Ina ɗagowa sai idona ya faɗa kan ramin sama, wanda ke daidai bisa inda take aje kasko. Babu safa. Na zagaya ta bayan gida na ciro gashin zabo na ɗaga da sanda, ya karkata.

Na tambayi Hadiza. Ta ce ita ma ta tambaya, Inna ta ce kada wani ya ɗauka don maganarsa ce. Wancan ramin hannunta ba ya kaiwa sai ta hau turmi, turmin kuma makwabta sun ara ba su maido ba.

Damina ta zo ta wuce, wani ɗarin ya zo ya wuce, har yau makwabtan nan ba su maido da turmi ba. Da salla na je gaisuwa, aka aiko mini da fura bayan katanga inda nake ɓuya in sha. Ina jin dakanta tun ina kwance igiyar takalmi, a tsakar gidan, cikin turmin da aka ara.